Ƙaramin Rim Da Jijjigar A-kori-kura

Mai a-kori-kura da jijjiga ta ishe shi yakan ɗora wa shokozoba laifi, alhali sau da yawa rim ne. Rim in ya cika girma, gefen taya sirancewa yake, rami kuwa ba ya tausayin ƙugun direba.

Ɗauki Hilux. Taya 265/50 a rim mai inci 20, tsayin gefenta kimanin milimita 132 ne. Ta 265/65 a inci 17 kuwa tana da 172. Wannan ƙarin roba da iska ke shanye gargada. Tsayin tayoyin biyu kusan ɗaya ne, saboda haka in ka koma rim mai inci 17 agogon gudu ba zai yi ƙarya ba.

Sai dai da ƙaramin rim motar takan ɗan yi lilo a kwana. Kafin ka biya, sa bakanike ya ɗaura rim ɗin ya juya, kada ya riƙa gogar birki.