Baƙar Ƙasa a Cikin Leda

Duk mai bin titunan Wuse a Abuja ya san masu dashen itatuwa da fulawa, ko da bai taɓa tsayawa ba. Sukan jera baƙaƙen ledoji a gefen hanya, galibi inda rafi ya ratsa ƙarƙashin gada. Ni ƙasar da ke cikin ledojin ce ta tsayar da ni. Inda duk aka haƙa harsashin gini a yankin nan jar ƙasa ake gani mai tsakuwa. To, baƙar daga ina?

An ba ni benci, aka haɗa ni da dattijon wurin. Yana tsugune yana gauraya ƙasa da yashi da busasshen kashin shanu, ya barbaɗa buntun shinkafa. Sai ya damƙi haɗin ya matse, ya buɗe tafin hannu. In ya dunƙule, kuma ya wargaje da an taɓa shi da yatsa, ya yi. In ya cije, a ƙara yashi.

"Baba, ina kuke samo wannan ƙasa?"

"Saye muke yi, Malam. Lokacin da na zo garin nan, a bakin rafin can muke ɗiba da baro. Yanzu tifa ke kawowa daga bayan gari, kuma kowace shekara sai direba ya ƙara nisa, ya ƙara kuɗi. Inda za a yi gini ake kankare saman kafin katafila ta shiga. Wannan da kake gani, bara gonar doyar wani ce."

A takarda faɗin Najeriya bai motsa ba: murabba'in kilomita 923,768, adadin da muka haddace tun firamare. In ka ɗebe Bakassi, da Kotun Duniya ta ba Kamaru a 2002 aka kammala miƙa ta a 2008, da 'yan gyare-gyaren kan iyaka, taswirar tana nan yadda take. Masu cin arzikinta ne suka ninka. Ƙidayar 1963 ta ce mu miliyan 55.7 ne, ta 2006 ta ce miliyan 140, yau kuwa an haura miliyan 200. Da za a yi rabo daidai, har da duwatsu da koguna, ɗan Najeriya na 1963 zai tashi da fiye da hekta ɗaya da rabi. Jikansa ba zai sami rabin hekta ba.

Baban bai san waɗannan alƙaluma ba, amma da su ya tsufa. Mutumin wajen Yusufari ne a jihar Yobe. Da na tambaye shi gida, ya ajiye ledar da ke hannunsa.

"Gonar mahaifinmu ba wanda ya ƙwace ta, ba wanda ya saye ta. Tana nan, na san iyakarta. Rairayi ne ya hau. Shekara ta farko ka share, ta biyu ka kafa shinge da kaba, ta uku ka shuka gero ya fito taƙi ɗaya, iska ta binne shi. Ƙannena suka gangara tafkin Chadi kamun kifi, suka tarar ruwan ma ya gudu. Mu bakwai muka gaji gonar. Ka gaya mini, da wa za ka kai ƙara?"

Tafkin da yake magana a kai ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kafin farin 1973 da na 1984 su tsotse mafi yawansa. Yobe na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, amma dashe ba ya mayar da mutumin da ya riga ya ɗaura kaya.

Wusen ma gona ce a da. Ƙauyen Gbagyi ne kafin dokar Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala, ta keɓe yankin babban birni. Aka mayar da mutanensa Sabon Wuse a jihar Neja, kan hanyar Kaduna, gwamnati kuma ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsarin birnin na 1979 ya bar kwaruruka da bakin rafuka su zauna kore, a irin waɗannan tsirin wurare ne masu dashe suke raɓe. Ba nasu ba ne, shi ya sa ba sa binne komai a ƙasa. Itace dubu, kowanne a leda, don ranar da aka ce a tashi a iya lodawa a mota.

Rafin kansa ya sauya hali. Tun da gidaje suka koma shimfiɗe tsakar gida da siminti da intalok, in ji masu dashen, ruwan sama ba ya samun inda zai nitse. Da damina ya auko a guje da robobi, ya tafi da ledoji ɗari. Da rani sai an tona rami a cikin yashi ana jiran ya tsatso.

Wani saurayi ɗan Maradi da ke ban ruwa ya tsoma baki. Ya ce su can ba a leda suka dawo da itatuwa ba, kututturen da ya toho a gona ake bari, a rage rassa, a kiyaye shi daga awaki da gatari. Gaskiya ya faɗa. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta haka, gawo ya koma cika gonaki. A ganina wannan ya fi bikin dashen da ake yi gaban kyamara. Baban ya gyaɗa kai, ya ce a gonarsu ko kututturen ba a bari ba, an yi girki da shi.

A can ƙarshen layi yana da 'yan dashen ɗorawa da kuka da tsamiya. Ba mai tayawa, don kansa yake renonsu. Muna wurin wani alhaji ya faka mota, ya ce yana son abin da zai ƙawata sabon gidansa. Baban ya nuna masa tsamiya.

"Shekara nawa kafin ta yi inuwa?"

"Da ɗan jira, ranka ya daɗe. Amma jikoki za su sha."

"Kuma za ta zubar da ganye, saiwarta ta fasa mini intalok."

Ya zaɓi doguwar bishiyar nan siririya da ake jerawa a jikin katanga, wadda ba ta inuwa, ba a cin 'ya'yanta. Guda goma sha biyu ya saya, ya ce a ƙara masa buhu biyu na baƙar ƙasa, don ta gidansa ba ta fid da komai.