A Fara Koyar da Binciken Halittu Daga Gona

Duk shekara kwalejoji da jami'o'inmu suna yaye ɗaliban kimiyyar halittu da suka haddace sassan ƙwayar halitta da sunayen tsirrai na Latin, amma idan aka ce wa ɗayansu ya gano ko takin gargajiya yana rage ƙuduji a gonar mahaifinsa, sai ya rasa ta inda zai faro. Laifin ba nasa ba ne. An saba jinkirta bincike har sai shekarar ƙarshe, a kira shi furojet, a yi shi cikin gaggawa, wasu ma su kwafo na waɗanda suka gabace su. Bincike kuwa sana'a ce kamar ƙira, da hannu ake koyonta, kuma tun daga shekarar farko ya kamata a sa ɗalibi a kai. Ga ɗan Zakirai da makamantansa, wurin da ya fi dacewa a fara shi ne gonar da ya tashi a cikinta.

Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye birnin Kano, inda ake noma gona kowace damina ba hutu. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna haɗe a fili ɗaya, harawa tana ciyar da awaki, takinsu yana komawa gona, gawo kuma yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Yadda ƙasar ta jure wannan ne ya sa Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, ya duƙufa nazarin yankin tun shekarun 1960. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta buɗe reshenta na Kano a 1990, tana kuma da gonar gwaji a Minjibir, nan maƙwabta. Abin da masana suka tsallako teku domin su gani, ɗalibinmu yana ratsa shi da ƙafa kullum, ba wanda ya nuna masa cewa abin tambaya ne.

Mu ɗauki ƙuduji. Tushe ɗaya yana zubar da dubun-dubatar iri, ƙanana kamar ƙura, waɗanda kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa take fitarwa, sannan su maƙale mata su riƙa tsotsar ruwa da abinci tun kafin a ga furensu a sarari. Manoma sun daɗe da lura cewa ya fi yawa a gonar da ta gaji. Malamin ƙwarai zai ce da ɗalibansa: to, ku tabbatar mana. Nan za su gane cewa dole a bar wani yanki ba taki, domin in ba abin kwatanci ba yadda za a san aikin takin. Za su gane cewa yanki ɗaya bai isa ba, sai an maimaita sau huɗu ko biyar, tunda wani gefen gonar jigawa ne wani kuma yana kusa da inuwar gawo. Kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi inda takin zai je, don kada son zuciya ya kai shi gefe mai kyau, ƙa'idar da Ronald Fisher ya shimfiɗa a tashar Rothamsted ta Ingila a shekarun 1920. Sai ƙidaya kowane mako, a rubuta a littafi nan take, da kwanan wata. Wanda ya yi wannan aiki na damina guda ya riƙe kan bincike fiye da wanda ya haddace babi goma a kansa.

Za a ce ai ba kayan aiki, ba wuta, madubin likita ɗaya ɗalibai da yawa suke layi a kai. Gaskiya ne, kuma akwai aikin da ba ya yiwuwa sai da ɗakin gwaje-gwaje. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, ba a bayan gida aka samar da shi ba. Sai dai na'ura tana auna abin da aka ba ta ne kawai, ba ta gyara tambayar da aka yi ta a karkace. Gregor Mendel a lambu ya yi gwajinsa da wani nau'in wake, ya wallafa a 1866, jarinsa haƙuri da ƙidaya, a kan aikinsa kuma aka gina ilimin gadon halitta. Ko da rani akwai abin yi: a zuba wake mudu-mudu a buhun da aka saba da shi, da wanda aka cakuɗa da toka, da buhun PICS mai ninki uku wanda ke hana ƙwaro iska, bayan wata uku a ƙirga ƙwayoyin da aka huda. Kuɗin wannan bai kai na buga furojet da yi masa bango ba.

Wasu kuma za su ce wannan aikin gona ne, ba kimiyyar halittu ba. Alaƙar ƙuduji da gero, da ƙwayoyin da ke zaune a ƙullutun saiwar wake suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, su ne ainihin abin da littattafan suke bayani. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na manomi: gonarsa abincinsa ce, ba zai yarda a bar masa gefe ba taki don karatun wani ba. Yana da gaskiya. A nemi izininsa ta hannun mai unguwa, a ɗauki ɗan ƙaramin yanki, a biya shi asarar da aka jawo, a kuma koma a faɗa masa sakamakon da Hausa. Wannan ma darasi ne da ɗalibi yake bukata.

Saura gyaran da ke hannun makarantu. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da kwalejojin horar da malamai, da Jami'ar Bayero mai cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, su daidaita aikin fili da damina, daga Yuni zuwa Oktoba. A ba da maki a kan littafin da ɗalibi ya cika a gona, a kuma karɓi aikinsa ko da ya nuna cewa abin da ya zata bai tabbata ba, muddin ya bi ƙa'ida. Malamai, ku tura su gona tun daminar bana.