Taki Daga Birni Zuwa Gona: Matsalar Isar da Sakamakon Bincike a Fagge da Sabon Gari

Maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne a duba wani giɓi da ke tsakanin masu binciken albarkar ƙasa da mutanen da taki ke bi ta hannunsu kafin ya kai gona. An zaɓi Fagge da Sabon Gari ne domin nan ne Abbatuwa take, watau babbar mayankar Kano, ga kuma Kasuwar Sabon Gari da ta 'Yan Kura, inda kayan gwari da suka lalace suke taruwa kullum. Duk abin da waɗannan wurare suka zubar, a wajen manomin karkara taki ne.

Wannan hulɗa ta birni da karkara daɗaɗɗiya ce. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya bayyana yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba. Da rani jakai kan shigo gari da itace, su koma da mangala cike da taki, watau kashin dabbobi da toka da sharar gida. A ƙidayar da ya yi wajen 1969, jakan da suke fitar da taki daga cikin ganuwa a rana guda sun haura dubu. A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin abincin shuka a gonakin Tumbau, ta nuna cewa harawar wake da ta gyaɗa da ake ba tumaki da awaki ita ce take komawa gona a matsayin taki, ƙurar hunturu kuma tana ƙara nata. A nan manomi ne malami, mai bincike kuwa ɗalibi. Abin da ya yi shi ne ya sa ma'auni a kan abin da ya tarar.

Amma akwai abin da manomi ba zai gani da idonsa ba sai da awo. A shekarar 1950 aka fara wani dogon gwaji a Samaru, inda aka ware filaye, wasu ana zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu kuma duka biyun. Bayan shekaru masu yawa ya tabbata cewa takin zamani shi kaɗai, musamman mai naitirojin, yana sa ƙasa ta yi tsami, amfani ya dinga raguwa, alhali kuwa filin da aka haɗa masa biyun yana riƙe ƙarfinsa. Har ila yau an san cewa kaso mai yawa na naitirojin da dabba take fitarwa a cikin fitsari yake, in ba a shimfiɗa kara ko ciyawa a turke ba sai ya salwanta. Takin da aka bari a rana yana rasa naitirojin ta iska, zuba masa toka kuwa yana gaggauta wannan hasara, ko da yake ita tokar tana da nata amfani in an kai ta gona dabam. Idan aka tara taki aka jiƙa shi, aka riƙa juya shi har zafinsa ya kai digiri 55 zuwa 65, yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta sukan mutu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Bukatarsu kawai a faɗa wa wanda ya dace.

To, wane ne ya dace? A nan ne nake ganin tsarin namu ya yi tuntuɓe. Sashen yaɗa sakamakon bincike da aka kafa a Arewa a 1963, wanda yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar KNARDA ta Jihar Kano, duk an gina aikinsu ne a kan cewa ilimi zai taso daga mai bincike, ya bi ta malamin gona, ya sauka a kan manomi. Alhali kafin taki ya kai ga manomi an riga an yanke hukuncin ingancinsa. Mahaucin da yake zubar da abin cikin tumbi, da mai sharar kasuwa, da direban tifa da ya gaji aikin jaki, da matar auren da take kiwon awaki a tsakar gida tana share turke kowace safiya, su ne ma'aikatan taki na haƙiƙa. Ban san dalilin da ya sa muke kiran wanda ya auna taki a ɗakin gwaji ƙwararre, mu ƙi kiran wanda ya shekara ashirin yana loda shi da wannan suna ba. Su dai ba sa cikin lissafin malamin gona, domin ba manoma ba ne; hukumar kwashe shara ta REMASAB kuwa aikinta tsabtar gari ne, ba albarkar ƙasa ba.

Ga shi kuma jujin yau ba irin na zamanin Mortimore ba ne. C. P. Lewcock, a binciken da ya buga a 1995, ya tarar manoman kewayen Kano suna biyan direbobin tifa su juye musu sharar birni a gona, suna kuma kuka da ledar da take zuwa a cikinta. Leda aƙalla ana ganinta, ana sa yara su tsince. Mataccen batir da ya fashe a bola, da dalma da sauran ƙarafa masu guba da yake saki, ba mai ganinsu. Haka ma masu lambu a bakin rafin Jakara, wanda ya ratsa ta waɗannan unguwanni, da na Getsi da yake ɗauko ruwan masana'antun Bompai: an yi aune-aune da dama a kan ƙasarsu da ganyensu, an buga da Turanci a mujallu, mai lambun da aka ɗebi ƙasarsa kuwa galiban ba ya sake jin labari. Latas da alayyahon nan su ne suke dawowa 'Yan Kura, mu saya mu ci.

Saboda haka shawarata ita ce a fara daga inda sharar take fitowa. Mahauta suna da sarkin fawa, 'yan kasuwa da direbobi suna da ƙungiyoyinsu; ta bakin waɗannan shugabanni magana take shiga, ba ta takardar sanarwa ba. Ware sharar kayan gwari da ta Abbatuwa tun a wurin, kafin ta cakuɗe da leda da batir, ya fi tsince ta a gona sauƙi nesa ba kusa ba. Rediyo kuma har yanzu yana kaiwa inda mujalla ba ta kaiwa. Sa'an nan ya kamata sassan jami'o'inmu, har da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, su shardanta wa duk ɗalibin da ya ɗebi ƙasa a gonar wani cewa sai ya koma ya gaya wa mai gonar abin da ya gano, da Hausa, kafin a sa hannu a kundinsa.