Tondikandiya: ƙasar da ke kallon Yamai

Wanda ya bar Yamai ya kama hanyar Filinge, kafin ya cika kilomita 100 zai iske Baleyara. Daga nan hanya ta bi Dallol Boso zuwa arewa, ta ratsa ƙasar Tondikandiya ta Zabarmawa mai fada a Damana, ta wuce Bonkuku ta Imanan, ta isa Filinge, gidan Kurfayawa, wajen kilomita 180 daga babban birni. Tafiyar rabin wuni ce. Wannan kusanci shi ke tsara rayuwar ƙauyukan, fiye da duk wani shiri da aka rubuta a ofis.

Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu. Ana shuka hatsi da wake a kan jigawa, kuma a shekaru da dama abin da aka zuba a rumbu ba ya kai iyali wata damina. Saboda haka da zarar an ɗaure damma, samari sai su ɗauki jaka. Cin rani ba sabon abu ba ne: tun zamanin mulkin Faransa kakanninsu ke zuwa Kumasi da Akara neman kuɗin haraji da na aure. Abin da ya sauya shi ne yanzu ga birni a bakin ƙofa. Saurayi zai yi dako a kasuwa, ko tura ruwa, ko gadi, ko talla a bakin titi, ya aiko da jika biyar ta waya, in aka yi rasuwa kuma ya iso kafin sadakar uku. Ƙauye sai ya rage hannun mata da tsofaffi da yara, su ke kiwon awaki, su ke ɗebo ruwa, su ke jiran saƙo.

Kaya ma hanyar mutane suke bi. Ranar Lahadi kasuwar Baleyara kan cika da shanu da tumaki da raƙuma, dillalan Yamai na can da manyan motoci tun safe. Itacen girki yana tafiya birni, haka harawa da kaji da tabarmin kaba. Abin da ke dawowa shinkafa ce ta waje da taliya da sukari. A ganina cinikin nan bai daidaita ba, domin mai sayarwa yakan zo kasuwa ne da buƙata a wuya, mai saye kuwa yana iya jiran wani mako.

Amma ƙasar tana da abin da birni ba zai ba ta ba. Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe, ruwa na kwance kusa a ƙarƙashin rairayi, a wurare da yawa ba a yin haƙa mai zurfi ake tarar da shi. Mutanen Bonkuku sun nuna amfanin haka: dankalin turawa da suke nomawa da sanyi ya yi suna har kasuwannin Yamai. Wanda ke da garka da rijiya da ɗan injin ban ruwa yana da dalilin zama gida da rani. Matsalar ita ce iri mai tsada da ake shigowa da shi daga waje, da rashin wurin ajiya, ta yadda kowa kan kai kasuwa lokaci guda farashi ya faɗi. Noman rani kuwa, in an tuna, Seyni Kunce ne ya matsa a kansa bayan farin 1984, shi da aka haifa a Fandu, cikin Tondikandiyar nan, ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987.

Sai kuma rashin tsaron da ya gangaro daga iyakar Mali. Hana zirga-zirgar babura da aka yi a sassan jihar Tillaberi daga farkon 2020 ya taɓa ƙauyawa sosai, don kabu-kabu ne ke kai mai naƙuda likita, shi ke fitar da buhu zuwa bakin kwalta. Da aka tsayar da shi, ƙauyen da ke kilomita 15 daga hanya ya koma jiran amalanke, samarin da ke cin abinci da babur kuma da yawansu suka ƙara yawan masu neman aiki a Yamai.