Daga titin Harajuku zuwa allon silima: Littattafan Japan da ya kamata a nema

Duk ma'abocin kallon finafinan Japan ya san suna da wani salo nasu daban, musamman wajen suturar 'yan wasa da kuma labaran al'ajabi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin finafinan da suka fi tashe a can daga littafi aka ciro su, kamar dai yadda aka yi da "Ki Yarda Da Ni" na Bilkisu Funtuwa a nan gida. Suturar kuwa, daga bakin titi take zuwa.

Titin da ake magana yana unguwar Harajuku ne, a birnin Tokiyo. A da, duk ranar Lahadi akan hana motoci bi ta wurin, sai matasa su fito kowa da irin tasa kwalliyar. Wata ta haɗa kimono na kakarta da takalmi mai tudu, wani ya rine gashi kore, wata kuma ta cika kai da ribom. Abin dai sai wanda ya gani! Wani mai ɗaukar hoto, Shoichi Aoki, ya kafa mujallar FRUiTS a 1997 don adana wannan shiga. Daga hotunan ne kamfanin Phaidon ya buga littafin "Fruits" a 2001, sannan "Fresh Fruits" a 2005. Kusan babu dogon rubutu a ciki: hoto ne, sai suna, shekaru, da inda aka samo kayan. Saboda haka ko mai ƙarancin Turanci zai amfana.

Darajar littattafan ta ƙaru ne saboda abin da suka adana ya ja baya. An daina rufe titin a 1998, kayan kanti masu araha suka mamaye kasuwa, har a 2017 Aoki ya dakatar da buga mujallar bayan fitowa ta 233, bisa dalilin cewa masu irin wannan kwalliya sun yi ƙaranci. Ke nan wanda ke son ganin Harajuku na wancan lokaci, sai dai ya buɗe littafi.

Wanda kuma ke son labari, ga "Kamikaze Girls" na Novala Takemoto, wanda ya fito a 2002, darakta Tetsuya Nakashima ya mayar da shi fim a 2004 tare da jarumai Kyoko Fukada da Anna Tsuchiya. Momoko yarinya ce a garin Shimotsuma mai gonakin shinkafa, ba ta da ƙawa, ba ta da buri sai rigunan leshi irin na Faransa ta dā. Garin neman kuɗin riga ta sa jabun kayan mahaifinta a kasuwa, sai ga Ichigo, 'yar gungun masu babur, ta zo saye. Daga nan ƙawance ya ƙullu. Abin lura ga masu shirya fim shi ne, kafin kowacce ta buɗe baki, rigarta ta riga ta faɗi halinta.

A ɓangaren tatsuniya, babu kamar jerin "Moribito" na Nahoko Uehashi, wanda ya soma fita a 1996. Balsa mace ce 'yar shekara 30, gwanar mashi, sana'arta gadin mutane. Ta ceci Yarima Chagum daga kogi, sai mahaifiyarsa ta roƙe ta ta gudu da shi, domin sarki, mahaifinsa na cikinsa, ya sa a kashe shi. Ashe ƙwan aljanin ruwa ne a jikin yaron, idan bai ƙyanƙyashe ba fari zai cinye ƙasar. An yi shi zanen katun mai kashi 26 a 2007, an fassara littafin farko zuwa Turanci a 2008, marubuciyar kuma ta ci kyautar Hans Christian Andersen a 2014.

Sai "Kiki's Delivery Service" na Eiko Kadono, 1985, labarin 'yar shekara 13 mai tashi a kan tsintsiya da ta bar gida don neman na kanta. Fim ɗin Hayao Miyazaki na 1989 ya tsaya ne tana yarinya, amma littattafan shida sun bi ta har ta zama uwa a na ƙarshe, wanda ya fito a 2009.

To, ba ana cewa matasa su kwaikwayi shigar Harajuku ba ne. Ko a Japan ɗin ma ba shigar kowa da kowa ba ce. Darasin shi ne, su daga titinsu da tatsuniyoyinsu suka ɗebo, duniya ta saya. Mai sha'awar zama marubuci ko darakta, ya fara da "Moribito".