Tarurrukan Koyon Zane a Nijeriya: Surar Mutum da Bugun Katako

Mutane da yawa sun ɗauka ba mai iya zama gwanin zane sai wanda ya yi karatu mai zurfi a jami'a. Tarihin ƙasar nan bai nuna haka ba. Akwai wata hanya da ta fitar da gwanaye masu yawa, wato taron koyon aiki na 'yan kwanaki, inda ake tara masu sha'awa a wuri guda, a ba su takarda da fenti da katako, a sa wani gwani ya zauna tare da su yana duba abin da hannunsu ya fitar.

Wurin da wannan hanya ta fi yin suna shi ne Oshogbo, a ƙasar Yarbawa. A shekarar 1962 Duro Ladipo, shahararren mai wasan kwaikwayo, ya buɗe wata ƙungiya a gidansu mai suna Mbari Mbayo, tare da taimakon wani Bajamushe, Ulli Beier. A nan aka shiga shirya tarurrukan zane. Denis Williams, mutumin ƙasar Guyana, ya jagoranci na farko-farko, sa'an nan a 1964 Georgina Beier ta jagoranci wanda ya fi kowanne tashe. Galibin waɗanda suka halarta ba su da wata takardar shaida. Muraina Oyelami makaɗi ne, Twins Seven-Seven ɗan rawa ne, Jimoh Buraimoh kuwa shi ke kula da fitilun dandalin wasa. Ba a daɗe ba aka fara nuna ayyukansu a Turai da Amurka.

Aikin da ya fi dacewa da irin wannan taro shi ne bugun katako, domin kayansa ba su da tsada, kuma mai koyo yana ganin amfanin guminsa a yini guda. Duk wanda ya san yadda hatimin ofis yake aiki ya riga ya san rabin sirrin. Za a sami allo mai laushi, ko wata shimfiɗar daɓe mai kauri da ake kira lino, a zana sura a kai da fensir. Daga nan sai a ɗauki 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki a sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a bar inda ake so ya ɗauki launi yana tudu. A shafa tawada a kan tudun, a kifa takarda ko ƙyalle, a goga bayanta da gindin cokali, sa'an nan a ɗaga a hankali.

Abu biyu ne suke kayar da sabon shiga. Na farko, zanen yana fitowa a juye ne, dama ta koma hagu, saboda haka wanda zai sa rubutu dole ya sassaƙa shi ta baya. Na biyu, abin da wuƙa ta cire ba ya komawa. Mai fenti yana iya rufe kuskurensa da wani fentin, amma mai sassaƙa sai dai ya sake allo. Wannan ne yake koya wa yaro natsuwa fiye da faɗan malami. Ladan wahalar kuwa shi ne allo ɗaya yana iya buga zane hamsin ko fiye, a sayar da kowanne da araha. In ana son launi biyu ko uku, sai a sassaƙa wa kowane launi allonsa, a buga su bi da bi a kan takarda ɗaya, a kula kada su goce wa juna.

Zanen surar mutum ya fi wannan cin lokaci. Wanda ake ɗauka uban wannan fanni a Nijeriya shi ne Aina Onabolu na Ijebu-Ode, wanda aka haifa a 1882 ya rasu a 1963. Shi ya koya wa kansa zana manyan mutanen Ikko kafin ya tafi Landan karatu a 1920, kuma shi ya dage har aka shigar da zane cikin darussan makarantu. A wajen taro, akan zaunar da mutum ɗaya a tsakiya, ɗalibai su kewaye shi da gawayi da takarda. Abin da ake fara koya musu shi ne awo. Idanu suna tsakiyar kai ne, ba can sama ba kamar yadda kusan kowane ɗan koyo yake sa su. Bayan awo sai haske da inuwa, fenti ne ke zuwa daga ƙarshe. Darajar aikin ba ƙarama ba ce: surar gimbiyar Ife da ake kira Tutu, wadda Ben Enwonwu ya zana a 1974, an sayar da ita a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2.

Amma abin da ya bambanta 'yan Oshogbo shi ne ba su tsaya kan kayan aiki iri ɗaya ba. Buraimoh ya riƙa liƙa ƙananan duwatsun ado, irin na kambin sarakunan Yarbawa, a kan allo yana haɗa su da fenti. Adebisi Fabunmi ya fara da bugun lino, daga baya ya koma shirya surori da zaren ulu. Wannan shi ake nufi da haɗa kayan aiki iri-iri a zane guda.

Ba a rasa masu suka ba. Wasu da suka yi karatun zane a makaranta sun ce an shirya aikin ne don ya burge baƙi masu saye, kuma a cikin maganar akwai ƙamshin gaskiya, domin da ciniki ya buɗe an sami masu maimaita abu ɗaya. Sai dai hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958, shi kansa ya halarci irin waɗannan tarurruka don ya ƙware a bugu. A 1998 ya kafa nasa a Agbarha-Otor, kusa da Ughelli a Jihar Delta, ya ba shi sunan lokacin hunturu, inda malamin jami'a da ɗan koyo suke zama a teburi ɗaya, kowa da allonsa da wuƙarsa.