Assaga: Ruwan Komadugu ya janye, amma ƙasa ba ta shirya karɓar garma ba

A kwarin Komadugu Yobe ambaliya ba ta cika zuwa da tsakiyar damina ba. Sai ruwan sama ya ɗauke, manomi ya fara lissafin tsinkar tattasai, sannan kogin ke tumbatsa. Dalili kuwa shi ne ruwan daga nesa yake tasowa. Yana fitowa daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, ya ratsa fadamun Nguru, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, sai bayan makonni ya iso jihar Diffa, inda kogin ya zama iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kusan kilomita 150 kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

Haka aka gani a 2012, aka sake gani a 2019 da 2022. A 2024 kuwa, shekarar da ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin Nijar, ta kuma hallaka sama da 300, Diffa ba ta tsira ba. Manoma kan ɗora laifin a kan sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992. Ko ma daga ina ne, ruwan kan tarar da tattasai a tsaye da 'ya'yansa.

A Assaga, ƙauyen da ke gabas da birnin Diffa, asarar tattasai ita ce rabin farko na labarin. Rabi na biyu yana farawa ne ranar da ruwa ya janye ya bar gona jiƙe sharkaf: yaushe za a sa mata garma?

Gaggawar da ke kashe gona

Duk wanda ruwa ya cinye masa tattasai yana cikin sauri. Da yawa da bashi suka yi noman, sun karɓi taki da man inji a hannun 'yan kasuwa da alkawarin biya da buhunan busasshen tattasai. Hanyar da ta rage musu ita ce noman rani: albasa, alkama, masara, tumatir, ko kabeji da a nan ake kira shu. Kowace rana da ta wuce kuma ragi ce a kwanakin sanyin da waɗannan amfanin gona ke buƙata.

A nan ne ƙasar bakin kogi ke yaudara. Iskar hunturu na busar da samanta cikin 'yan kwanaki, har ta tsattsage, mutum ya taka bai nutse ba. Amma tafin hannu ɗaya a ƙarƙashi, laka ce ɗanya.

Abin da ke faruwa idan aka huɗa irin wannan ƙasa, kowane magini ya san shi. Laka jiƙaƙƙiya da aka kwaɓa aka bar wa rana, sunanta tubali. Garma na yanko ta sala-sala, rana ta gasa, gona ta cika da manyan hoge masu tauri waɗanda sai an bi su da ƙotar fartanya ɗaya bayan ɗaya. Iri ƙanana ba sa samun wurin kwanciya a tsakaninsu, ruwan ban-ruwa kuma ya zurare ta ramuka ya bar saiwa da ƙishi.

Tarakta ta fi yin ɓarna. Nauyinta na danne ƙasar da ke ƙarƙashin inda garma ta tsaya, ta zama kamar daɓe. Daga sama gona na da kyan gani. Sai an yi dashe a ga ruwa na kwanciya a fangali ba ya shiga, saiwar shuka ta kai wurin ta lanƙwashe, ganye ya yi ɗorawa. Manomi ya zaci yunwar taki ce, ya ƙara zuba kuɗi, alhali iska ce saiwar ta rasa. Irin wannan daɓen ba ya warwarewa a shekara ɗaya. Ga mai tarakta kuwa, haya ce, ya yi aikinsa ya wuce gonar gaba.

Gwajin da malaman gona ke koyarwa ba ya cin ko dala. A tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a ɗebo ƙasar gindinsa, a dunƙule a hannu. Idan ta fitar da ruwa, ko ta yi sheƙi ta manne kamar malmalar tuwo, a haƙura tukuna. Idan dunƙulen ya marmashe da an danna shi da babban yatsa, lokaci ya yi. Kuma ba wuri ɗaya ake gwadawa ba, don gona guda na iya samun tudu mai yashi da ya shirya yau, da kwari mai laka da sai bayan mako biyu. Mai hankali kan fara daga tudu, yana bin ruwa a baya sannu a hankali.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jira: buɗe wa ruwan da ya maƙale hanya. Ɗan magudanar da aka yanka zuwa gangare na rage kwanakin jira fiye da duk wata dabara.

Abin da kogi ya bari

Ba kowace gona ambaliya ke bari iri ɗaya ba. Inda ruwa ya kwanta a natse, yakan sauke taɓo mai laushi, wanda shi ne asalin albarkar wannan kwari tun kaka da kakanni. Sai dai idan ya bushe yakan yi ɓawo ya toshe fuskar ƙasa, dole a farfasa shi a gauraya. Inda ruwa ya ɓalle da ƙarfi kuwa, yashi yake jibgewa. Mai kauri kaɗan ana iya juya shi da ƙasar asali, har ya sassauta laka. Mai zurfi sai kwasa, aikin da ke cin kwanaki da kuɗin 'yan ƙwadago.

Sai kanwa. Tsohuwar matsala ce a gonakin ban-ruwa na Komadugu, kuma ambaliya na iya tayar da ita. Idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa, rana na janyo shi sama, ya tafi ya bar gishirinsa fari fat a kan gona. Albasa ba ta jure wannan ko kaɗan, tattasai ma haka, alkama ce ke da ɗan dama-dama. Wanda ya ga farin ɓawo a filinsa, gara ya kankare shi ya fitar, ya wanke ƙasar da ruwa mai daɗi bayan ya tabbatar akwai mafita, maimakon ya juya shi ciki.

Ruwa kan kawo baƙi kuma: irin ciyayi daga nisan duniya, da aya-aya mai wuyar kashewa. Rijiyoyin burtsatse na gona kan cika da yashi, a yashe su kafin a jona inji. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Ruwan da ya ratsa gari ya ratsa masai. Mai niyyar shuka salak ko wani ganyen da ake ci ɗanye ya kamata ya bar ƙasa ta sha rana sosai.

Alheri ɗaya da ake iya samu shi ne raguwar tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani amma take sa saiwar tattasai ƙuraje, matsalar da ta daɗe tana damun manoman Diffa saboda maimaita tattasai a fili ɗaya shekara da shekaru. Ruwan da ya daɗe a kwance na rage ta. Sai dai ruwan nan shi ke yaɗa cututtukan ruɓewar saiwa, don haka mayar da tattasai, tumatir ko yalo nan take a inda tattasai ya mutu kasada ce. Albasa, masara ko alkama sun fi dacewa su shiga tsakani.

Taki a jiƙaƙƙiyar ƙasa

Ambaliya na wanke sinadarin da ke sa ganye kore, shi ya sa shukar farko bayan ruwa kan fito a koɗe. Amma watsa yuriya a ƙasar da ke cike da ruwa zubar da kuɗi ne, wani ya bi ruwa, wani ya bi iska. Abin da aka saba ba da shawara shi ne a sa takin NPK 15-15-15 lokacin gyaran fangali bayan ƙasa ta tsane, a jinkirta yuriya sai dashe ya kama, a kuma raba ta kashi-kashi.

Abin da laka ta fi buƙata shi ne takin gargajiya ruɓaɓɓe, don shi ke buɗe ta iska ta shiga. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa yana ƙona dashe, yana kiran gara. A wuraren da danshi ya ƙi tafiya, ɗaga kunya ya fi fangali mai zurfi da aka saba, ko da kuwa zai ƙara wahalar ban-ruwa.

Faɗar wannan ya fi yin sa sauƙi a Assaga. Tun bayan hare-haren Boko Haram na Fabrairun 2015 a Diffa da Bosso, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, mutanen ƙauyukan bakin kogi da dama, har da na Assaga, suka koma zama a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. An hana hawan babur, an taƙaita sayen yuriya da man fetur, an hana cinikin tattasai, wanda ake yi wa laƙabi da jan zinariyar Manga, har zuwa 2017. Dabbobin da ke ba da taki sun ragu a hannun mutane. Manomin da ke tafiya gona da safe ya baro ta kafin yamma saboda tsaro, ba shi da sukunin zuwa duba ƙasa yau, ya dawo gobe, ya sake dawowa jibi. Ranar da ya samu shanun huɗa ko tarakta, ranar yake aiki, ƙasa ta tsane ko ba ta tsane ba. Duk shawarar da ba ta yi la'akari da wannan ba, a takarda za ta tsaya.

Tsere da zafin Maris

Jira ma yana da farashi. Alkama na son a shuka ta daga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, idan ta makara zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai, ƙwaya ta shanye. Albasa na kwashe kimanin kwana 40 zuwa 45 a wurin reno kafin dashe.

A nan ne dabara mafi amfani take. Ba dole reno ya jira gona ba. Wanda ya yafa irin albasa a ɗan tudu tun ruwa na kwance, ranar da fili ya tsane dashensa ya isa, kwanakin jiran ba su tafi a banza ba. Wanda lokaci ya ƙure masa kuwa, yakuwa, alayyafo da kuɓewa na jure zafi, suna kuma kawo kuɗin cefane cikin makonni kaɗan.

Hukumomin da wannan aiki ya rataya a wuyansu sanannu ne: ma'aikatar noma ta jiha, cibiyar binciken noma ta INRAN, hukumar ONAHA mai kula da filayen ban-ruwa, da zauren manoma na jihar Diffa da ke ƙarƙashin RECA. Ana kuma auna hawan kogin a tashar Bagara da ke bakin birnin Diffa. Sai dai hankalin jama'a da na masu agaji ya fi karkata ga ranakun da ruwa ke hawa, lokacin buhunan yashi da kwashe mutane. Labarin saukarsa, wanda shi manomi ke buƙata don ya san ranar yafa iri, ba ya samun irin wannan yayatawa. Iri da takin tallafi ma, idan suka iso bayan sanyi ya wuce, sai dai a ajiye wa baɗi.

A watan Yuni za a sake yafa irin tattasai. Kafin nan kowane gida a Assaga zai yanke shawara: ya koma kwarin da ya fi albarka amma ruwa ke ci, ko ya hau tudu inda ƙasa ke da yashi, inji kuma ke shan mai da yawa kafin ya kai ruwa.